Sunan Da Ke Kan Aljihu

Shafi na 14

Masu ƙorafin na bar ku a rataye kwana uku, ku yi haƙuri. Wannan gaɓar ce ta yi mini nauyi a hannu.

Ana gobe Tsinke za ta je intabiyun shiga makarantar koyon aikin likita, ta shigo shagon ɗinkin babanta da la'asar, ta zauna a bencin masu kawo ɗinki, ta ce:

"Baba, ni fa ba zan je ba."

Baba bai ɗago ba. Ƙafarsa na kan keke, allura na bin bakin wata farar riga.

"Ba za ki je ina ba?"

"Intabiyun."

"To madalla. Miƙo mini almakashi."

Ta miƙa masa.

Shagon a bayan babban asibiti yake, lungu na biyu. Shekara goma sha biyar aikin Baba ke nan, ya ɗinka wa likitoci farar kwat, ya rubuta wa kowa sunansa da shuɗin zare a saman aljihu. Abin mamakin shi ne bai iya karatun boko ba. A wurinsa harafi zane ne kawai, kowanne da sunan da ya raɗa masa. Akwai tsani, akwai maciji, akwai ƙwai, akwai ƙugiya, akwai raƙumi mai tozo biyu. Likita zai rubuta sunansa a guntun takarda, Baba ya ƙura masa ido yana motsa leɓe, "ƙugiya, ƙwai, tsani, ƙwai," sai ya ɗora zare. Ba a taɓa dawo masa da riga ba.

"Baba, da gaske nake. Kuskure suka yi. Mutum dubu nawa suka nema, a ce har da ni a cikin waɗanda aka kira? Wataƙila akwai mai irin sunana, na'ura ta haɗa mu."

"Sati uku kina karanta takardar nan safe da yamma, har ta yi laushi kamar tsumma. Ta canza magana?"

"Ba ta canza ba."

"To takarda ta fi ki tsayawa a kan magana ɗaya."

"Idan na zauna a gabansu za su gane."

"Su gane me?"

"Cewa ba komai a kaina sai hadda. Duk abin da na ci, sa'a ce."

"Sa'a shekara goma sha uku? Wannan sa'ar ai ta zama 'yar gida, sai mu ba ta ɗaki."

Tsinke ba ta yi dariya ba.

Tun da ta yi wayo haka take jin kanta, kamar wadda ta shigo aji ta taga alhali kowa ta ƙofa ya shigo. Ita ce ƙarama a kowane layi. Ita ce ta ƙarshe a kowane tsere. A aji ɗaya duk 'yan ajinsu sun yi giɓi suna fito da iska ta tsakanin haƙora, ita nata haƙoran nonon suna nan ƙyam, sai a aji huɗu suka fara zuba, ana yi mata dariya ana cewa tsohuwa ta koma jaririya. Da ta girma ta ga a littafi shekarun da haƙoran yaro ke faɗuwa, ta lissafa nata, ta ga ta makara da kusan shekara uku. Ta rufe littafin ba ta gaya wa kowa ba. A ranta ta yanke cewa akwai abin da bai cika ba a halittarta, kuma wata rana wani mai ido zai gani.

Baba ya tsayar da keken. Ya tashi yana dafa ƙugu, ya janyo wata leda daga can saman kantar shagon, inda yake ɓoye yadin da ba ya so ƙura ta taɓa.

"Na so sai kin dawo gobe. Amma tunda kin zo da rigima, tashi tsaye."

Ya warware ta. Farar kwat ce, sabuwa fil, siririya, hannunta gajere daidai nata.

"Baba! Ko ɗaukata ba a yi ba."

"Ni ban san wannan ba. Awonki na sani. Sa hannu."

Ta sa. Ta zauna mata cif a kafaɗa. A saman aljihun hagu ga sunanta da shuɗin zare, kamar yadda yake a takardar gayyatar, harafi bayan harafi.

Daidai nan Mama ta ɗaga labulen shagon da kwanon abincin Baba a hannu.

Ta yi sallama rabi. Idonta ya sauka a kan aljihun.

Ba ta saki kwanon ba. A hankali ta ajiye shi a kan benci, kamar mai ajiye jariri.

"Malam."

"Na'am."

"Sau biyu ke nan kana ɗinka wannan sunan."

Baba ya juya yana neman wani abu a kan tebur, abin da babu shi.

"Na farkon a kan wata 'yar riga shuɗiya mai farin wuya," in ji Mama.

Tsinke ta ce, "Ai rigata ce ta aji ɗaya. Na tuna ta. Har idon sawu take zo mini, ina taka bakinta ina faɗuwa."

"Ba taki ba ce."

"Mama?"

"Rigar ba taki ba ce. Sunan ma ba naki ba ne. Cire."

"Haba, ke kuwa," in ji Baba, muryarsa can ƙasa. "Ba yau ba. Gobe fa za ta je."

"Shekara goma sha uku kana ce mini ba yau ba."

Tsinke ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ta san dai an yi mata yaya mace da ta rasu tun ita ba ta da wayo. A gidan ba a faɗar sunanta. "Yayarki" kawai ake cewa, shi ma a shekara bai fi sau biyu ba.

"Sunan wa ne?"

Ta juya wajen Baba.

"Baba, sunan wa nake amsawa?"

Baba ya koma ya zauna a kujerar kekensa. Ya ɗauki tef ɗin awo yana naɗe shi a yatsa, yana warwarewa.

"Na yayarki ne."

Wani mai babur ya wuce ta lungun da ƙara. Sai da ƙarar ta mutu Baba ya ci gaba.

"Shekararta shida. Na kai takardar haihuwarta makaranta, aka sa ta a rajista. Na ɗinka mata riga, na sa mata suna a aljihu don kada ta ɓata. Kullum sai ta sa ta tana zagaya tsakar gida. Saura sati ɗaya a buɗe makaranta zazzaɓi ya kama ta. Kwana biyu."

Ya sake naɗe tef ɗin a yatsa.

"Uwarki ta kwanta. Ba ta ci, ba ta magana, ba ta san wanda ke kanta ba. Baƙi ne mu a garin nan, ba dangi, ba wanda zan bar wa ke. Duk inda za ni kina saɓe a kafaɗata. Ranar da aka buɗe makaranta na ce bari in je in gaya musu su cire sunan, su ba wani gurbin. Da safen kika ga rigar a rataye, kika yi ta kuka sai an sa miki. Na sa miki don ki yi shiru."

"Baba..."

"Bari in gama, in na tsaya ba zan iya ba. Muka je. Malamar na zaune a bakin aji da rajista, iyaye sun yi layi. Da layi ya zo kaina na buɗe baki in ce ta rasu. Wallahi Tsinke, kalmar ta zo nan," ya taɓa maƙogwaronsa, "ta tsaya. Ban taɓa faɗarta ba tun ranar. Mutane ne suke faɗa, ni ina gyaɗa kai. Malamar ta dubi aljihunki, ta dubi rajista, ta ja layi. Ta ce, 'Kai, wannan 'yar tsinke ce! Shekara shida ce kuwa?' Ta kama hannunki ta zaunar da ke a bencin gaba."

"Ka bar ni."

"Na tsaya a taga. Aka kira sunan. Kika ga kowa na ɗaga hannu, ke ma kika ɗaga. Na ji an ce 'tana nan'." Tef ɗin ya suɓuce daga hannunsa. "An ce tana nan, Tsinke. Na ce bari in bari zuwa gobe."

Mama ta zauna a bakin bencin, ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska.

"Da na dawo hayyacina wata huɗu sun wuce," in ji ta. "Mun canza unguwa. Na tarar kina tafiya makaranta da rigar. Na ce masa ya je ya gyara. Ya ce ƙarshen zango. Ƙarshen zango ya ce ƙarshen shekara."

"Shekarata nawa lokacin?"

"Uku da wata biyar."

Tsinke ta yi lissafi a kai, abin da ta fi iyawa a duniya. Takarda ta ce shekararta goma sha tara. Ashe ko sha bakwai ba ta cika ba.

Harshenta ya kai kan haƙoranta na gaba ba tare da ta aike shi ba.

"Shi ya sa," ta ce. "Shi ya sa ba ki taɓa kirana da shi ba. Kullum Tsinke, Tsinke."

Mama ta ƙara jan mayafinta.

"Shi ya sa ba ki taɓa zuwa ranar ba da kyauta ba? Shekara tara ina zuwa ta ɗaya, Mama. Kowa da uwarsa. Ni in sauko da kyauta a hannu ina dube-dube. Na ɗauka kin san ban cancanta ba ne. Na ɗauka ke kin gane abin da malamai ba su gane ba!"

"Na je."

"Yaushe?"

"Kina aji huɗu. Na tsaya can baya wajen ƙofa. Aka kira sunan a lasifika, cikakke, har da na ubanku. Mutane suka ɗau tafi." Mama ta dubi aljihun kwat ɗin. "Na miƙa wuya ina jiran ta fito. Wallahi ina jiran in ga yadda ta girma. Sai ke kika fito, da giɓinki."

Tsinke ta runtse ido.

"Na yi murna, Allah ne shaidata. Amma a hanyar gida sai da na zauna a bakin titi. Ban ƙara iya komawa ba. Ba ke na guda ba, 'yar nan."

"To ni ba ni da suna ke nan?"

"Kina da shi. Ni na zaɓa miki."

Mama ta faɗe shi. Gajere ne, gaɓa biyu. Ya fito daga bakinta da ƙyar, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Tsinke ta maimaita shi a hankali. Ta ji shi kamar takalmin wani.

Ta zare farar kwat ɗin, ta ninke ta gida huɗu yadda Baba ya koya mata, aljihun a ciki, ta ɗora a kan keken.

"Ka gani ko, Baba? Na gaya maka kuskure ne. Ba ni suka kira ba."

"Kada ki ce haka."

"Ita suka kira. Takardar haihuwa tata, sakamako da sunanta, fom ɗin da na sa hannu na ce duk abin da ke ciki gaskiya ne, da sunanta. Ni ɓarauniya ce ban sani ba."

"Ni ne ɓarawon," in ji Baba. "Ke me kika sata? Ita ko fensir ba ta riƙe a aji ba, Allah ya jiƙanta. Wa ya yi ta kuka a kan lissafi a wannan bencin? Wa ya zo na ƙarshe a aji ɗaya da aji biyu, yana barci a kan tebur, hannunsa bai isa riƙe alli ba? Da 'yan shekara shida aka haɗa ki kina shekara uku, kika bi su, kika kamo su, kika wuce su. Ni ban yi boko ba, amma na san awo. Wanda aka ba rigar da ta fi shi ya cika ta, ba a ce masa ɓarawo."

Ya matso da kujerarsa.

"Ki je gobe. Ki yi shiru. Wa ya sani? Mu uku ne. Malamar ma na ji ta rasu."

"Malam, ka ji tsoron Allah."

"Tsoron Allah ne ya sa zan bari shekara goma sha uku su zube? In ta faɗa, su ce takardun ƙarya ne, su soke komai, sai ta koma ina? Aji ɗaya?"

"Sai ta yi ta warkar da mutane da sunan wadda ba a warkar ba? Har ta mutu a rubuta mata sunan wata? Ni 'ya biyu na haifa, Malam. Ka mayar mini da su ɗaya. Wadda ta tafi ba ta huta ba, kullum ana kiranta. Wadda ke nan ba a taɓa kiranta ba."

"To ki ce mata kada ta zama likita. Faɗa da bakinki."

Mama ta kau da kai.

Suka juyo gaba ɗaya suna kallon Tsinke, kamar ita ce babba a shagon.

Ta ɗauki takardar gayyatar daga kan benci, ta fita.

Washegari da safe ta fito tsakar gida da fayil ɗinta a ƙirji. Ba ta yanke komai ba. Wanka kawai ta yi, ta sa kaya, ƙafafunta suka kawo ta bakin ƙofa.

Baba na zaune a kan tabarma da farar kwat ɗin a cinya da reza a hannu. Yana tsinke shuɗin zaren ɗaya bayan ɗaya, yana tara guntayen a tafin hannunsa. Inda sunan yake sai ƙananan hudojin allura.

"Ban ce ki faɗa ba," ya ce ba tare da ya dube ta ba. "Ban ce kada ki faɗa ba. Jiya na yi surutu da yawa. Mai laifi ba ya zama alƙali."

"Baba, in suka kore ni fa?"

"Sai ki dawo gida. Ƙofar nan ba ta tambayar takarda."

Mama ta raka ta har bakin titi, abin da ba ta taɓa yi ba. Da motar haya ta tsaya, ta gyara mata wuyan riga, ta ce:

"Duk abin da kika yi, na yafe miki. Ke ma ki yafe mini."

Makarantar doguwar baranda gare ta, da kujerun roba a jere jikin bango, da ƙofa ɗaya mai launin toka a ƙarshe. Mutum wajen talatin ne a zaune, kowa da fayil a cinya. Tsinke ta duba takalmansu, ta ja nata ƙarƙashin kujera. Duk sun yi mata kama da likitoci tun yanzu. Wani dogo yana jujjuya biro a yatsa kamar an haife shi da shi.

Wata mai tabarau da ke gefenta ta sunkuyo.

"'Yar'uwa, don Allah taimaka ki duba mini jerin sunayen da ke jikin ƙofar can. Layi na tara."

"Ba kya gani ne?"

"Ina gani. Sau huɗu na duba. So nake wani ma ya gani, kada ya zama idona ne ke yi mini kara."

Tsinke ta dube ta da kyau. Agogo mai kyau, fayil na fata, Turanci a baki kamar ruwa.

"Ke ma?"

"Ni ma me? Babana likita ne, mamata likita ce. Tun jiya nake amai. Na tabbata don sunan gidanmu aka kira ni. Ina shiga za su ga kan ba kowa a ciki, gidan haya ne."

Dogon mai biro ya juyo.

"Ku yi a hankali mana, kuna tayar mini da ciki. Ni wannan ne zuwana na uku. Har mai gadin ya san ni, ɗazu ya tambaye ni ya mutanen gida."

Mai tabarau ta toshe baki tana dariya. Wasu biyu a gaba suka juyo suna murmushin wanda aka kama. Tsinke ta bi layin da ido, ta ga wani na goge tafin hannu a wando, wata na motsa leɓe, wani ya riƙe fayil ɗinsa a kife bai sani ba.

Ashe duk barandar kowa jira yake a gane shi.

Sai dai su tsoro ne kawai. Ita da hujja a fayil.

"Ke fa?" in ji mai tabarau. "Kin yi shiru kamar wadda ta san amsa. Irin ku ne ake ɗauka."

"Ni?"

"Tun da kika zauna nake cewa wannan ta gama ci. Yaya sunanki?"

Kafin Tsinke ta samu abin cewa, ƙofar mai launin toka ta buɗe. Masinja ya leƙo da takarda, ya kira suna.

Sunan ne.

Tsinke ba ta motsa ba.

Ya sake kira, da ƙarfi. Sunan ya bi barandar har ƙarshe ya dawo. Mutane suka fara waige-waige.

A zaune take, amma tana ganin wata yarinya 'yar shekara shida da shuɗiyar riga tana zagaya tsakar gida. Ba ta san fuskarta ba. Ko hoto babu.

"Na uku ke nan, zan wuce," in ji masinjan.

Ta miƙe.

"Au, ke ce?" in ji mai tabarau. "Allah ya ba da sa'a. Ki bar mana tambayoyi masu sauƙi."

Ɗakin bai kai girman da ta zata ba. Dogon tebur, fanka na juyawa a sama, mutum uku. A dama wani mai gemu yana rubutu. A hagu wata matashiya da na'ura a gabanta. A tsakiya wata tsohuwar likita, gashin girarta ya yi fari, tabarau a can ƙarshen hanci.

"Zauna, 'yata. Miƙo takardun."

Ta miƙa. Tsohuwar ta buɗe fayil ɗin, tana juya shafi da ɗan yatsa ɗaya. Ta tsaya a kan sakamakon jarrabawa, ta ɗaga gira, ta tura wa mai gemun. Shi ma ya duba, ya ce, "Hmm."

"Kafin mu fara," in ji tsohuwar, "ƙa'ida ce mu tabbatar." Ta ɗago takardar haihuwar, wadda ta yi ja don tsufa, ta karanta sunan a hankali, da ranar, da watan, da shekarar. "Ke ce?"

Abu ne na gyaɗa kai. Ko magana ba ya buƙata. Matashiyar ma ba ta ɗago daga na'urarta ba, yatsanta na kan maɓalli tana jiran ta danna.

Tsinke ta ji kalmar ta taso, ta zo maƙogwaro, ta tsaya.

Fanka ta juya sau uku.

"'Yata? Ke ce?"

"A'a."

Biron mai gemu ya tsaya.

"Sunan yayata ne. Ta rasu tana shekara shida, sati ɗaya kafin ta fara makaranta. Da takardarta aka sa ni. Ban sani ba sai jiya da la'asar."



"Takardar haihuwar tata ce," in ji Tsinke. "Sauran duk nawa ne. Kowace jarrabawa da ke cikin fayil ɗin nan ni na zauna na rubuta ta. Ba wanda ya riƙe mini hannu. Ita ba ta samu ta rubuta ko harafi ɗaya ba."

Sai da ta faɗa ta ji ashe gaskiya ne. Shekara goma sha uku ba ta taɓa yarda da shi ba sai yau, a wurin da zai iya zama bai amfane ta da komai ba. Hawaye suka zubo, ba ta share ba.

Mai gemu ya jingina da kujera.

"Kin san abin da wannan maganar za ta iya jawo miki? Kin sa hannu a fom."

"Na sani."

"Da kin yi shiru ba mai ganewa."

"Ni zan gane. Kullum."

"Doka a fili take," ya ce wa tsohuwar, ƙasa-ƙasa. "Takardun da ba na mai nema ba..."

Tsohuwar ta ɗaga masa hannu. Ta cire tabarau, ta daɗe tana kallon Tsinke, kallon da ba a gane ko na tausayi ne ko na hukunci. Sannan ta rufe fayil ɗin, ta ture shi gefe.

"Masinja."

"Ranki ya daɗe."

"Ka ce wa na waje su ƙara haƙuri. Ka rufe ƙofar, kada kowa ya shigo."

Ƙofar ta rufu.

Tsohuwar ta janyo farar takarda wadda ba komai a kanta, ta cire murfin biro.

"To," ta ce. "Wadda aka kira ba ta zo ba. Ke da kika zo, yaya sunanki?"